Bariki da Shumeka: Yadda Kalmomi Suka Ratsa Tsakanin Ingilishi da Katalanci

Babu Bahaushen da bai san kalmar bariki ba. Dattawa sun san ta a matsayin gidan da Bature yakan sauka in ya fito rangadi, sojoji sun san ta a matsayin mazauninsu, iyaye mata kuwa in sun ce ɗan wance ya shiga bariki, to, ba yabonsa suke yi ba. Kowa ya yarda daga bakin Turawan Ingila ta fito, gama su ne suke kiran mazaunin soja "barracks". Amma su ma baƙuwa ce a wurinsu. Sai a ƙarshen ƙarni na 17 ta shiga Ingilishi, daga "baraque" ta Faransanci. In kuwa aka ci gaba da bin sawunta, za a tarar da ita tun ƙarni na 13 cikin takardun ƙasar Balensiya, a gabashin Sifaniya, an rubuta ta "barraca". Ma'anarta a can ita ce bukka, irin wadda manoma da masunta sukan yi da laka da kara, su yi mata jinka. Sojoji in suna sansani sukan kafa irin waɗannan bukkoki, ta haka kalmar ta bi rundunoni daga ƙasa zuwa ƙasa, har ta zama sunan manyan gine-ginen dutse, har ta iso Lakwaja da Zungeru.

Harshen da aka fara rubuta "barraca" a cikinsa shi ne Katalanci. Mai karatu zai iya jin sunan baƙo ne, ko da yake ya san Barsalona saboda ƙwallo. Katalanci harshen Barsalona ne da dukan yankin Kataloniya, da Balensiya inda ake kiransa da sunan ƙasar, da tsibiran Mayorka da Minorka da Ibiza. Ana jinsa a wani yanki na kudancin Faransa, wanda aka yanke aka ba Faransa a 1659, da garin Algero a tsibirin Sardiniya. A ƙaramar ƙasar Andora shi ne harshen gwamnati. Masu iya magana da shi sun kai miliyan 9 ko fiye. Daga Latin ya fito kamar Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci, amma shi mai zaman kansa ne, da adabinsa tun ƙarni na 13, sa'ad da Ramon Llull na Mayorka ya rubuta littattafan hikima da na addini a cikinsa. A Mayorka ɗin nan ne kuma aka zana shahararriyar taswirar 1375, wadda ta nuna Mansa Musa na Mali zaune da zinariya a hannu. Watau mutanen teku ne da fatauci, labarin duniya yana isowa gare su.

Wanda ya ɗauki ƙamus na Ingilishi da Katalanci ya jera kalmomin, zai ga sun kasu kashi biyu. A kan abubuwan gida da jiki da gona, harsunan ba su san juna ba. Ruwa a Ingilishi "water", a Katalanci "aigua". Gurasa "bread" da "pa", gida "house" da "casa", taga "window" da "finestra". Dalili kuwa, gindin Ingilishi dangin Jamusanci ne. Ita "window" ma daga mutanen arewacin Turai aka karɓe ta, ma'anarta ta fari idon iska. Amma da zarar an shiga zancen makaranta, da shari'a, da mulki, da ciniki, sai harsunan su zama kamar ƴan ɗaki ɗaya. "Justice" da "justícia", "school" da "escola", "table" da "taula", wadda Hausa ta mai da ita tebur. Takarda ma rubutunta ɗaya ne a duka biyun, "paper", lafazi ne kawai ya bambanta. Asalin wannan zumunci shi ne shekarar 1066, sa'ad da Normawa masu jin Faransanci suka ci Ingila. Shekaru ɗaruruwa Faransanci ne harshen fada da kotu, Latin kuwa na ikilisiya da malamai, har ya zama fiye da rabin kalmomin da ke cikin ƙamus na Ingilishi daga waɗannan biyu suka zo. Akwai kuma waɗanda suka bi ta ɗaya hanyar, daga kabilun Jamus zuwa Katalanci. Yaƙi a Katalanci "guerra" ne, a Ingilishi "war", tushensu kuwa ɗaya.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai kalmomi masu fuska ɗaya da zuciya dabam, su ne suke ba ɗalibai kunya. Bakatalane in ya ce shi "constipat" ne, mura ce take damunsa, amma Baturen Ingila in ya ji, sai ya zaci cikinsa ne ya ɗaure. Mace "embarassada" mai juna biyu ce, alhali "embarrassed" jin kunya ne. "Llibreria" kantin sayar da littattafai ne, "library" kuwa ɗakin karatu. "Carpeta" jakar takardu ce, ba darduma ba, ko da yake ta yi kama da "carpet". Darduma a Katalanci "catifa" ce. Nan kuma kunnen Bahaushe zai motsa, gama katifar da yake kwana a kanta da wannan "catifa" uwarsu ɗaya, kalmar Larabci ce mai nufin lallausan mayafi mai gashi-gashi. Ɗaya ta haye Bahar Rum ta zama abin takawa, ɗaya ta ƙetare Sahara ta zama abin kwanciya.

Irin waɗannan na Larabci suna da yawa, gama Musulmi sun daɗe suna mulkin Mayorka da Balensiya kafin Sarki Yakubu na Ɗaya ya ci su a 1229 da 1238, ciniki kuma bai yanke ba bayan haka. A bakin tekun Barsalona akwai wani babban gini da aka soma a ƙarni na 13, inda a dā ake sassaƙa jiragen yaƙin sarki, sunansa "drassanes". Kalmar daga Larabci take, "dar as-sina'a", gidan sana'a ke nan. Ita ɗin ce ta bi ta Banis a Italiya ta shiga Ingilishi ta zama "arsenal", ma'ajin makamai. Ashe sunan kulob ɗin nan na Landan da kalmar sana'a ta Hausa ƴan uwa ne. Haka nan "magatzem" ta Katalanci da "magazine" ta Ingilishi da mangaza ta Hausar Nijar, duka daga "makhzan" ne, ma'aji. "Duana" kuwa, ofishin kuɗin fito, ita ce duwan da direbobin Maraɗi da Damagaram suka sani.

Duk wannan zumunci ne na nesa, ta hannun wasu. Akwai wuri guda inda mai jin Ingilishi da mai jin Katalanci suka zauna ƙofa da ƙofa shekara da shekaru, suka yi ciniki da faɗa da aure, shi ne tsibirin Minorka. Yadda aka yi suka haɗu kuwa labari ne na alkawarin da aka karya.

A shekarar 1700 Sarki Carlos na Biyu na Sifaniya ya rasu bai bar magaji ba. Mutum biyu suka nemi gadon, Filib jikan sarkin Faransa, da Carlos ɗan gidan sarautar Ostiriya. Ingila ba ta so Faransa da Sifaniya su zama tsintsiya ɗaya, saboda haka ta goyi bayan na Ostiriya. A watan Yuni na 1705, a birnin Jenowa, wakilin Sarauniya Ana ya sa hannu a yarjejeniya da wakilan Katalawa. Ingila za ta kawo dakaru 8,000 da mahaya 2,000 da bindigogi 12,000, za ta kuma tsaya a kan kada a taɓa dokokin Kataloniya da majalisunta, ko yaya yaƙin ya ƙare. Katalawa suka amince suka shiga yaƙi. A cikin wannan yaƙi ne Janar James Stanhope ya kama Minorka a 1708. Amma a 1711 wan Carlos ya rasu, Carlos ya gaji sarautar Ostiriya, sai Ingila ta ga in ya haɗa da Sifaniya, an gudu ba a tsira ba ke nan. Gwamnati ma ta riga ta sauya a Landan. Aka yi sulhu a Utrecht a 1713, Ingila ta yarda da Filib, ta karɓi Jibralta da Minorka, ta janye. Barsalona ta ƙi miƙa wuya, aka kewaye ta fiye da shekara guda, ta fāɗi ran 11 ga Satumba 1714, ranar da Katalawa suke tunawa kowace shekara har yau. A Landan an yi muhawara a majalisa, an buga ƴan littattafai ana kukan abin kunyar da aka yi, amma kuka bai mai da kome ba. A 1716 Filib ya rushe majalisun Kataloniya, ya sa a riƙa shari'a a babbar kotu da Sifaniyanci. A 1768 aka ba da umarni a riƙa koyarwa a makarantu da shi kaɗai.

To, ga abin mamaki. Ƙasar da ta yashe Katalawa ita ce ta riƙe ɗan tsibirin da harshensu ya ci gaba da zama na hukuma. Minorka ba ta da girma, murabba'in kilomita 700 ne ko kusa da haka, amma tana da mashigin Mahon, mai tsawon kilomita 5, mai zurfi, inda jiragen yaƙi za su fake duk damina da hunturu. Wannan mashigi Ingila take so. Ta bar wa mutanen tsibirin majalisunsu da dokokinsu da addininsu na Katolika, ko da yake gwamnoni da limaman ikilisiya ba su rasa tankiya ba. Ba don ƙaunar Katalanci aka yi haka ba. Mai mulki daga nesa ya fi so talakawansa su yi nisa da harshen abokin gabansa, Madrid kuwa ita ce abokiyar gaba. Duk da haka amfanin ya tabbata. Sa'ad da ake korar Katalanci daga ofisoshin Barsalona, a Mahon da shi ake rubuta takardun gari. A can Joan Ramis ya rubuta wasan kwaikwayonsa mai suna Lucrècia a 1769, a can kuma aka kafa ƙungiyar masana a 1778, suna karatu da muhawara da harshensu.

Mulkin bai tafi a jere ba. Faransa ta ƙwace tsibirin a 1756, abin da ya jawo aka harbe Admiral John Byng a 1757 bisa laifin bai yi iyakar ƙoƙarinsa ya cece shi ba. Ingila ta dawo a 1763, aka kore ta a 1782, ta sāke dawowa a 1798, sa'an nan ta bar shi ga Sifaniya a 1802. In an haɗa, shekara 70 ke nan da ɗoriya, ya ɗan fi zaman da Turawan Ingila suka yi suna mulkin Arewacin Nijeriya. Wanda aka fi tunawa cikin gwamnonin shi ne Richard Kane, mutumin Ailan, wanda ya gina hanyar da ta ratsa tsibirin, ya mai da hedkwata daga Siyutadela zuwa Mahon a 1722, ya mutu a can a 1736. Har yanzu hanyar tana amsa sunansa.

Kalmomin da suka rage daga wannan zama sun fi takardun gwamnati faɗin gaskiya a kan wa ya yi hulɗa da wa. Ba a sami kalmomin falsafa ko na shari'a a cikinsu ba. Na kafinta ne, da na madafa, da na mashaya, da na yara a titi. Kafintocin Mahon sun yi aiki a ma'aikatar jiragen Ingila, suka fito da "escrú", ƙusa mai murɗi, daga "screw", alhali a Barsalona "cargol" ake cewa. Suka fito da "moguin" daga "mahogany", jan katakon da ake yi wa manya kujeru da shi, wanda sauran Katalawa suke kira "caoba". Abin kwance ƙusa kuwa suka ce masa "tornescrú", sauran ƙasar tana cewa "tornavís". Wannan kalma tana da daɗin bincike. Daga "turnscrew" take, sunan da kafintocin Ingila suke amfani da shi a wancan zamani. Daga baya "screwdriver" ta ture ta, har yawancin Turawan yau ba su san ta ba. Hausa da ta haɗu da Ingilishi a ƙarni na 20 sai ta sami sabuwar, ta ce sukudireba. Minorka da ta haɗu da shi a ƙarni na 18 ta riƙe tsohuwar. Da kalmar aro kaɗai ana iya gane lokacin da baƙo ya sauka a gari.

Magina suka koyi yin taga mai ƙusurwa wadda take turo ciki waje bisa titi, "bow window", ta zama "boinder", ana ganin irinta a tsofaffin gidajen Mahon. A madafa aka sami "grevi", romon nama, daga "gravy", da "pinxa", wani ƙaramin kifi mai gishiri, daga "pilchard". Kwalba ta zama "bòtil" maimakon "ampolla". Matuƙan jirgi suna son barasar da ake kira jin, mutanen gari suka koyi dafa ta don su sayar musu, ana kuwa yinta a Mahon har wa yau. Inda matuƙa da barasa suka haɗu ba a rasa dambe, saboda haka wanda aka kumbura wa ido aka ce yana da "ull blec". Rabin farko Katalanci ne, ido, rabin na biyu "black" ne, baƙi. In taro bai cika ba, sai Baminorke ya ce "quatre jans i un boi" ne suka zo, watau Yohanna huɗu da yaro ɗaya, gama a ganinsu kowane sojan Ingila sunansa John, "boi" kuwa "boy" ce.

A rubutun Katalanci harafin x yakan ba da sautin sh. Da wannan a zuciya, mai karatu ya dubi kalmar da Minorkawa suka ba mai gyaran takalma, "xumeca". Sauran Katalawa "sabater" suke cewa. In an furta ta Minorka, shumeka ce, daidai da yadda ake kiran mai ɗinkin takalma a bakin kasuwar Kano ko Kumasi. Mutanen nan biyu ba su taɓa jin labarin juna ba, shekara fiye da 100 ce tsakanin zamaninsu, amma da suka ji "shoemaker" daga bakin soja, kunnensu ya kama abu ɗaya. Baturen Ingila ba ya furta r ta ƙarshe, su ma ba su sa ta ba. Ta kunne aka ɗauki kalmomin nan, a wurin aiki, ba malami ba allo.

Wasu kuwa gida suka dawo ba a gane su ba. Yaran Minorka suna kiran alli "xoc", daga "chalk", a babban yanki ana cewa "guix". Amma "chalk" kanta daga Latin take, "calx", farar ƙasa, wadda ta riga ta zama "calç" a Katalanci tun da daɗewa. Ƴan duwatsun wasa da yara suke harbawa da yatsa suka zama "mèrvels", daga "marbles", alhali kakarta "marbre" tana nan cikin harshen da ma'anar dutse mai sheƙi. Kalma ta bar Bahar Rum, ta yi shekaru ɗaruruwa a ƙasar sanyi, ta komo cikin jirgin yaƙi da sabuwar riga, danginta suka karɓe ta kamar baƙuwa.

Ba kowane labarin asali ne abin dogara ba. Mutanen tsibirin suna da wani irin ɗan itace da suke kira "neversó", suna kuma ba da labari cewa Gwamna Kane ne ya gan shi a kasuwa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, "never saw", sunan ya bi shi. Labarin yana da daɗi, shi ya sa ya daɗe. Wanda ya fi shi yaɗuwa shi ne na mayonis, miyar ƙwai da mai da ake shafa wa burodi. Ana cewa sa'ad da Faransawa suka ci Mahon a 1756 suka ɗanɗana ta, suka kai ta Faris da sunan garin. Minorkawa sun riƙe wannan da hannu biyu. Masana kuwa sun rabu, gama kalmar ba ta bayyana cikin littattafan girkin Faransa ba sai bayan shekara 50 ko kusa. Abin da babu gardama a kansa shi ne "paella". A Katalanci sunan kaskon suya ne kawai. Mutanen Balensiya suna dafa shinkafa a ciki, sunan kasko ya koma kan abinci, Ingilishi ya karɓe shi a ƙarshen ƙarni na 19 bai san da kaskon ba.

Da Sifaniya ta karɓi tsibirin, Sifaniyanci ya hau kujerar hukuma. Tun bayan 1782 Ramis kansa ya koma rubutu da shi. Kalmomin Ingilishi suka rage a baka, tare da Katalancin da suka shiga cikinsa, dukansu a waje da makaranta. A wannan zamani na duhu wani abu ya sāke fitowa daga Landan. A 1832 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta buga Sabon Alkawari da Katalanci, fassarar Josep Melcior Prat, ɗan gudun hijirar siyasa da yake zaune a Ingila. Tun 1478 aka taɓa buga dukan Littafi Mai Tsarki da harshen a Balensiya, amma kotun binciken bidi'a ta sa aka hallaka shi, har takarda ɗaya tak ta ƙarshe ce ta tsira, tana Niyu Yok yanzu.

Da ba a sami masu tattarawa ba, da "tornescrú" da ƴan uwanta sun bi tsofaffin kafintoci kabari. A 1901 wani firist na Mayorka, Antoni Maria Alcover, ya buga wasiƙar gayyata ga duk mai ƙaunar harshen, ya roƙi a rubuto masa kalmomi a ƴan guntayen takardu, kowace da ma'anarta da garin da aka ji ta. Haka James Murray ya yi a Ingila a 1879 domin babban ƙamus na Oksfod. Alcover ya yi ta yawo ƙauye ƙauye yana sa tsofaffi da yara su furta masa kalmomi. Mutum ne mai zafin rai, ya ɓata da malaman Barsalona a 1918, ya zuba dukiyarsa cikin aikin, ya mutu a 1932 ƙamus bai yi nisa ba. Wanda ya ɗauki kayan shi ne almajirinsa Francesc de Borja Moll, haifaffen Siyutadela a Minorka, wanda ya tashi yana jin waɗannan kalmomi a titi. Shi ya kammala aikin a 1962, littafi 10, shekara 61 bayan wasiƙar gayyata. A cikinsa aka ba kalmar ƙauye da ta tsibiri wuri daidai da ta birni, aka kuma nuna inda kowace ta fito.

Shekarun da Moll ya yi yana wannan aiki su ne mafi wuya. Janar Franco ya ci yaƙin basasa a 1939, ya fitar da Katalanci daga makarantu da ofisoshi da jaridu, aka ƙuntata buga littattafai da shi ƙwarai, musamman a shekarun farko. Pompeu Fabra, injiniyan da ya daidaita ƙa'idar rubutun harshen a 1913, ya kuma buga ƙamus nasa a 1932, ya haye iyaka zuwa Faransa, ya mutu a can a 1948. Almajirinsa Joan Coromines ya tafi Ajantina, daga nan ya koma Jami'ar Shikago a Amurka a 1946, ya yi shekara 20 yana koyarwa cikin masu jin Ingilishi. Ya fara da ƙamus na asalin kalmomin Sifaniyanci, littafi 4, tsakanin 1954 da 1957, inda ya nuna cewa kalmomi da dama da ake ɗauka na Sifaniyanci ne tsantsa daga Katalanci aka aro su, har da "papel", takarda, da "reloj", agogo. Na harshensa kuwa sai bayan mutuwar Franco a 1975 ya fito, littafi 9, daga 1980 zuwa 1991. Shi ne ya bi sawun "barraca" cikin tsofaffin takardun Balensiya. Ya rasu a 1997 yana da shekara 91, bai ajiye alƙalami ba sai dab da ƙarshe.

Ingilishi ya sāke shigowa, wannan karo ba da jirgin yaƙi ba. Cikin waɗanda suka kafa kulob ɗin Barsalona a 1899 tare da Joan Gamper, mutumin Suwizalan, akwai Turawan Ingila, ƙwallo kuwa ta zo da kayanta, "futbol" da "gol" da "córner" da "penal". Da Katalanci ya koma harshen hukuma a Kataloniya a 1979, sai aka ga kalmomin kimiyya da na'ura suna kwararowa fiye da yadda baki zai iya tauna su. A 1985 aka kafa wata cibiya mai suna TERMCAT, aikinta ta duba kowace sabuwar kalma ta ga ko a karɓe ta, ko a gyara rubutunta, ko a ƙera mata takwara. Ta haka "software" ta sami "programari", "hardware" ta sami "maquinari", wasiƙun banza da suke cika akwatin intanet suka zama "correu brossa", wasiƙar shara. Wasu sun kama, wasu mutane sun ƙi su sun ci gaba da ta Ingilishi.

A Minorka kuwa tsofaffin kalmomin suna raguwa. Yaron da yake koyon Ingilishi a makaranta da Katalanci na littafi yakan ce "tornavís" ko ya faɗi ta Sifaniyanci. "Boinder" da "grevi" da "bòtil" da "mèrvels" suna nan a bakin mutane, wasu da dama kuwa sai a ƙamus na Alcover da Moll, wanda aka sa shi duka a intanet, inda mai nema zai tarar da kalmar, da yadda ake furta ta a Mahon, da kalmar Ingilishin da ta haife ta.